Ciwon Dajin Babban Hanji: Yadda Ake Gwada Magani, da Rabon Mutumin Damari

Da wuya kasuwa ta ci a ƙasar Damari, ko Ɗandume, ko Faskari, ba a ji lasifikar mai maganin basir ba. A wurin jama'armu, duk jinin da ya biyo bayan gida basir ne, in ba shi ba to atuni. Sau da yawa kuwa haka ɗin ne. Sai dai akwai wata cuta da ke fakewa a bayan wannan suna, ta yi ta cin mutum shekara da shekaru yana shan jiƙe-jiƙe da sassaƙe, wato ciwon dajin babban hanji da dubura. A shekarar 2020 kaɗai, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna mutum wajen miliyan 1.9 suka kamu da shi, sama da 900,000 kuma suka rasu. Shi ne na uku wajen yawa cikin ire-iren ciwon daji, kuma na biyu wajen kisa.

An daɗe ana ɗaukar cewa cutar Turawa ce. Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda ya yi aiki shekaru da dama a Yuganda, ya rubuta a 1971 cewa da ƙyar ake ganinta a karkarar Afirka, ya kuma danganta hakan da cin abinci mai dusa da ganye. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin tuwon dawa da miyar kuka sun fi burodi da naman gwangwani alheri ga hanji. To amma a yau likitocin fiɗa na asibitocin koyarwa na Nijeriya suna ganin cutar a kai a kai, kuma mafi yawan masu ita ba sa zuwa sai ta yi nisa.

Me ake nufi da ta yi nisa?

Babban hanji bututu ne mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, aikinsa tsotse ruwa daga ragowar abinci. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikinsa sukan sabunta cikin 'yan kwanaki, saboda haka kullum cikin rabuwa suke. A irin wannan rabuwa ne wata ƙwaya kan sami tangarɗa, ta ƙi tsayawa, ta zama ɗan tsiro. Tsiron yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Idan aka tarar da shi bai wuce bangon hanji ba, likita ya yanke wurin ya ɗinke, kuma a Amurka kimanin 90 cikin 100 na irin waɗannan majinyata suna raye bayan shekara biyar. Idan kuwa ya ratsa bango ya shiga kaluluwa, daga nan ya bi jini ya yi sansani a wani wuri, adadin bai kai 20 cikin 100 ba.

Ɗaliban da suka karanta zagayawar jini za su iya hasashen inda cutar ke fara sauka. Jinin da ya baro hanji ba ya komawa zuciya kai tsaye, sai ya bi ta wata babbar jijiya ya ratsa hanta tukuna. Hanta ke nan zangon farko, huhu na biyu. Idan ƙarin da ke hanta kaɗan ne kuma yana wurin da wuƙa za ta kai, akan yanke shi, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa haka sukan wuce shekara biyar. Saura kuwa sai magani.

Darasi daga gona

Yaya ake sanin magani yana aiki? Manomin masara na Damari ya fi kowa kusa da amsar. A ce an kawo masa sabon taki, ya zuba a fadama, tsohon kuma ya zuba a jigawa. In masarar fadama ta fi kyau, takin ne ko ƙasar? Ba mai iya rantsuwa. Shi ya sa masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sukan yanka fili ƙanana-ƙanana, su bar ƙuri'a ta zaɓi inda kowane iri ko taki zai faɗa. Wani masanin lissafi, Ronald Fisher, shi ya tsara wannan dabara a wata tashar binciken noma a Ingila cikin shekarun 1920. Daga gona ta shiga asibiti: a 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin tarin fuka a Ingila, inda ƙuri'a ta raba majinyata gida biyu.

Haka ake yi har gobe. Da farko a ba mutane kaɗan sabon maganin don a san adadin da jiki zai ɗauka. Sannan a ba wasu gommai, a ga ko ƙarin yana raguwa. A ƙarshe a tara ɗaruruwa, ƙuri'a ta raba su, rabi su sami sabon, rabi su sami mafi kyawun maganin da ake da shi a lokacin. Likita ba ya zaɓa, domin ko bai yi niyya ba zuciyarsa za ta karkata ta ba masu sauran ƙarfi sabon magani. A nan ne mai lasifika ya bambanta da mai bincike. Mai lasifika yana kawo shaidar wanda ya warke. Mai bincike dole ya ƙirga har da wanda ya mutu.

Ribar da aka tara wata-wata

Abin da ake aunawa shi ne tsakiyar adadi, wato lokacin da rabin majinyata suke raye. Ga wanda cutar ta bazu a jikinsa kuma ba a ba shi komai ba sai maganin zafi, wannan lokaci wajen wata shida ne.

A 1957 Charles Heidelberger ya haɗa maganin da ake kira 5-FU a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka. Dabararsa yaudara ce. Maganin ya yi kama da ɗaya daga cikin tubalan da ƙwayar halitta ke buƙata kafin ta kwafi DNA ɗinta, sai ta karɓe shi, ginin ya tsaya. Da yake ƙwayoyin baki da na hanji su ma masu saurin rabuwa ne, sukan sha wuya tare, shi ya sa majinyaci ke fama da gyambon baki da zawo. Da wannan magani, bayan an ƙarfafa shi da wani sinadari dangin bitamin, aka kai kimanin wata 12, kuma kusan shekara arba'in ba a sami wanda ya fi shi ba. A 1996 Amurka ta amince da irinotecan, wanda asalinsa daga wata itaciya ce ta ƙasar Sin, a 2002 kuma da oxaliplatin, wanda aka fara haɗawa a Japan. Wannan na biyun yakan sa yatsu su yi dindiris, mutum ya kasa taɓa ruwan sanyi. Da aka gwama su da 5-FU, adadin ya kai wajen wata 20. A 2004 aka ƙaro bevacizumab, mai hana ƙari janyo sababbin hanyoyin jini, da cetuximab, mai toshe ƙofar da saƙon girma ke shiga ƙwaya. Wani babban gwaji da aka bayyana a Amurka a 2014 ya kai kusan wata 30.

Mai karatu zai ce, shekara sittin ana fama, a tashi da wata talatin? Gaskiya ne, ba warkewa ba ce. Amma ga magidanci, bambancin wata shida da wata talatin damina biyu ce, da aurar da 'ya, da sallamar basussuka.

Labarin cetuximab ya ƙunshi wani darasi. A 2008 aka koma kan ƙarin majinyatan da aka gwada shi a kansu, sai aka ga duk wanda ƙwayar gadonsa mai suna KRAS ta sami sauyi, maganin bai tsinana masa komai ba. A wajen waɗanda tasu ke lafiya kuwa, ya ɗaga adadin daga wata 4.8 zuwa 9.5. Kimanin 40 cikin 100 na majinyata suna da wannan sauyi. Tun daga nan aka gane cewa suna ɗaya ne, amma cututtukan da ke ƙarƙashinsa da yawa, kuma kafin a rubuta magani sai an tambayi ƙarin kansa.

Sakin linzamin garkuwar jiki

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu, sai ta kwafi haruffan DNA wajen biliyan shida. Kowane magatakarda yana kuskure, don haka akwai wasu sunadarai huɗu da aikinsu bin rubutun suna gyarawa. A wasu majinyata waɗannan masu gyara sun lalace, kurakurai sun taru dubbai. Irin wannan ƙari shi likitoci ke yi wa laƙabi da MSI. Yawan kuskuren ya sa ƙwayoyinsa sun fita daban, kamar baƙo a tsakiyar gari, sojojin garkuwar jiki kuma suna ganinsu sarai. Abin da ke hana su kai hari wani linzami ne a jikinsu mai suna PD-1, wanda Tasuku Honjo ya gano a Japan a 1992, ƙarin kuwa ya iya jan wannan linzami. Honjo ya sami kyautar Nobel a 2018 saboda wannan aiki.

Sababbin magungunan ba sa taɓa ƙarin, linzamin suke cirewa. A 2020 aka buga gwajin da ya ƙunshi majinyata 307 masu irin wannan ƙari da ya riga ya bazu. Waɗanda ƙuri'a ta ba pembrolizumab sun yi wata 16.5 cutar ba ta ci gaba ba, waɗanda aka ba tsofaffin magunguna wata 8.2. A 2022 kuma likita Andrea Cercek da abokan aikinta a asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin Niyok suka ba da rahoton mutum 12 masu ciwon dajin dubura wanda bai kai ga hanta ba, da aka yi wa allurar dostarlimab wata shida. Duka 12 ɗin an nemi ƙarin an rasa, ba fiɗa, ba gashi da haske. Kada dai a ɗauka tsafi ne. A gwajin 2020, kusan kashi uku cikin goma cutarsu ta ci gaba duk da maganin, kuma sojan da aka sakar wa linzami yakan juya kan hanji ko huhu ko maƙoshin mai shi. Ga wanda ƙarinsa ba MSI ba ne, maganin kusan ba ya aiki. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa, cikin masu cutar da ta bazu, kimanin biyar ne kawai cikin ɗari ke da wannan iri.

Abin da aka gani a Nijeriya

A 2013 Farfesa Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da Dokta Peter Kingham na wancan asibiti na Niyok, suka kafa ƙungiyar bincike mai suna ARGO. A 2021 suka buga abin da suka samu a mujallar Nature Communications. Majinyatan Nijeriya sun fi na Amurka ƙuruciya, kimanin rabinsu a dubura cutar take, kuma sun fi zuwa a makare. Sannan cikin ƙari 64 da aka karanta ƙwayoyin gadonsu, 18 irin MSI ne, wato 28 cikin 100, kusan ninki biyu na abin da aka saba gani a wajen Turawa. Ma'ana, maganin da a can yake amfanar 'yan kaɗan, a nan yana iya amfanar mutum ɗaya cikin huɗu. A farkon 2026 aka sanar da fara gwajin wani magani na wannan dangi, tislelizumab, a asibitocin koyarwa na Ile-Ife da Legas, bayan amincewar hukumar NAFDAC.

Ƙari 64 ba su da yawa, kuma galibin majinyatan daga kudu maso yammacin ƙasar suke. Manomi ba ya ɗaukar sakamakon irin da aka gwada a Ibadan ya shuka a Sabuwa ido rufe, sai an gwada a ƙasa irin tasa. A ganina haka ya kamata mu ɗauki wannan adadi: dalili ne na a yi irin binciken a Zariya da Kano da Katsina. Matakin farko ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Yankan ƙarin ake shafa wa rini na musamman a duba a madubin likita, a ga ko sunadaran nan huɗu suna nan. Gwajin yana da wata fa'ida kuma, domin a wasu gidaje lalacewar masu gyaran gado ce, in an same ta ga uba sai a fara duba 'ya'ya da wuri.

Mutumin Damari da ake zargin yana da cutar, hanyarsa ita ce Funtuwa, daga nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Zariya, ko kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda aka buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a watan Yulin 2025. Maganin jijiya kuwa ba zuwa ɗaya ba ne, duk mako biyu ko uku ne, wata da watanni, ga kuɗin mota, ga masauki, ga fargabar hanya da mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara suka sha a shekarun nan. Farashin allurar pembrolizumab ɗaya a Amurka ya haura dala 10,000. Ga talaka, sau da yawa shiga gwaji ita ce kaɗai ƙofar samun irin wannan magani, tunda masu binciken ke bayarwa.

To, a nan akwai tsohon miki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Har yau in aka ce "gwaji" a ƙasar Hausa, wannan ne ke faɗo wa mutane a rai, kuma ba za a ga laifinsu ba. Tun 2007 Nijeriya tana da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa. A ƙarƙashinta, sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a taɓa kowa. Sai an yi wa mutum bayanin amfani da haɗari da harshen da yake ji. Yana da ikon ƙi, yana da ikon fita ko da an fara, ba tare da an daina kula da shi ba. Ya kamata malamai su koya wa ɗalibai waɗannan haƙƙoƙi, domin ɗan sakandare ne ake kira ya karanta wa mahaifinsa takardar asibiti.

Shi ne kuma zai fara lura da alamun a gida. Jini a bayan gida da ya wuce 'yan makonni, musamman in ya zo da rama, ko sauyin yadda mutum ya saba fita, yau zawo gobe taurin ciki, ko jin bai gama ba bayan ya gama, ko ƙarancin jini ba dalili, duk suna buƙatar likita ya duba da yatsa, sannan a zura bututu mai fitila a leƙa hanjin. Ciwon dajin dubura da yawa yatsan likita yana kai wa gare shi, a ɗakin duba marasa lafiya na babban asibitin Funtuwa ma ana iya yin wannan.