Kukan kurwar mota: ɗaurewa ba kullum ce magani ba

Duk wanda ya taɓa yin sammako a tashar mota ta Maraɗi ko ta Damagaram ya san wannan ƙara. Direba na tada inji, sai wani siririn kuka ya taso daga gaban mota, kamar an taka wutsiyar kare. Igiyar roba ce ke kukan, wadda makanikanmu ke kira kurwa, maƙwabtanmu na Najeriya kuma fambel. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda ta fito tun 1968, ita ce ke juya famfon ruwan inji da na'urar da ke cika batir. In ta tsinke tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi cikin zafin Afrilu, jar fitilar batir ta kama, ruwa ya tafasa, direban da bai tsaya ba yana iya ƙona injin cikin mintoci kaɗan. Kuɗin kurwa ɗaya ya zama kuɗin buɗe inji, ga kayan ɗan kasuwa yashe a bakin hanya.

Abin da aka saba yi a garaji shi ne a sa ƙarfe a banƙare na'urar batir, a ɗaure noti. Wani yaron mota ma sabulu yake gogawa. Kukan ya ɗauke kwana biyu, mai mota ya biya, ya tafi da murna. An gudu ba a tsira ba, domin kurwar da aka ɗaure fiye da kima tana cinye rulman famfon ruwa.

Sakin kurwa dalili ɗaya ne kawai. Gwajinsa ba wuya: a kashe inji, a danna kurwar da babban yatsa a tsakiyar mafi tsawon tazararta. In ta lotsa kamar santimita 1, ɗaurinta ya yi. To, in ɗauri ya yi kuma kuka bai bari ba, sai a dubi puli, wato faifan ƙarfen nan masu kwari da kurwar ke hawa.

Nan ne, a ganina, makanikai da yawa ke gaggawa. Wajibi ne pulin duka su tsaya kan layi guda. A tsohuwar mota kuwa sau da yawa sun goce: ƙafar da ke riƙe na'urar batir ta cinye, ko an sauya na'urar da wata ta hannu wadda ba ta wannan mota ba ce, ko an manta wani zoben ƙarfe wajen mayarwa. Kurwar da kanta tana ba da shaida. Gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, kuma baƙin garin roba yana taruwa kusa da pulin. A aza miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskar puli biyu. Inda haske ya ratsa, nan karkatar take. Wasu kan yayyafa ruwa kaɗan a kan kurwar inji na juyawa: in kukan ya ƙaru, zamewa take yi, in ya ɗauke sannan ya komo, a zargi layi. Mai yin wannan ya naɗe hannun babbar riga, ya janye jelar rawani, farfela ba ta san alhaji ba.

Kurwa mai siffar V da gefunanta take kamawa, ba da gindi ba. Saboda haka in ƙasan kwarin puli yana walƙiya, ko dai pulin ya cinye, ko an sayo kurwar da ta yi masa siranta. Sabuwa ma za ta yi kuka a kansa. Haka nan in man inji yana ɗiga mata.

In har yanzu ana shakka, a cire kurwar, a juya kowane puli da hannu. Wanda ke gurza ko yake rawa, rulmansa ya mutu. Ana iya tada injin ba kurwa, amma kada a wuce minti 1, tun da ruwa ba ya zagayawa. Kukan da ya ci gaba a lokacin ba nata ba ne.

Sabuwar kurwa takan saki bayan ƴan kwanaki, sai a koma a sake duba ɗaurinta. Tsohuwar kuwa, in ba ta tsage ba, a ajiye ta bayan mota tare da makullin da ke kwance notin.