Kuɗin Makaɗa Ya Koma Cikin Waya a Nasarawo

Duk mutumin Gombe da ya daɗe a Ikko ko Badun ko Shagamu bai leƙa gida ba, in ya faɗa gidan biki a unguwar Nasarawo yau, zai ga wani baƙo a filin kiɗa wanda da can babu shi. Wani saurayi ne zaune a gefe bisa benci, da jaka rataye a wuya, da wata 'yar na'ura a hannu wadda ba ta fi rediyon aljihu ba. Shi ne mai POS. Mutum ya miƙa masa katin banki, ya danna lambobinsa, shi kuwa ya ƙirgo masa takardun kuɗi bayan ya cire ladansa, sa'an nan mutumin ya shiga fili ya yi wa makaɗa liƙi. Wani ma ba ya bi ta kansa. Lambar asusun mawaƙin tana nan rubuce a kwali an jingina jikin lasifika, sai ya zaro waya ya tura abin da ya yi niyya.

Makaɗin Hausa dai tun asali da kyauta yake ci, kyautar da ake yi a gaban jama'a. Attajiri ya ba da riga ko doki ko kuɗi, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa wa duniya wane ɗan wane ya ba da kaza. Rabin daɗin kyautar a nan yake. Sa'ad da naira ta maye gurbin fam ran 1 ga Janairu 1973, lissafi kaɗai ya sake, al'adar tana nan. A zamanin su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos an sami faifai, daga baya kaset, har ƙananan makaɗa suka riƙa zuwa wurin wasa da kwalin kaset ɗinsu suna sayarwa. Wannan ciniki bai yi ƙarko ba. Masu kwafa a kasuwa suka cinye ribar kaset, suka cinye ta faifan CD, daga nan aka koma wurin masu tura waƙa cikin memori. Yanzu kuwa waƙa kan fito da safe, kafin azahar ta zaga wayoyin gari ta WhatsApp, mai ita bai ga ko kwabo ba. Abin sayarwa da ya rage wa matashin mawaƙi shi ne waƙar biki, watau wadda yakan shiga sitidiyo ya rera da sunan ango da amarya da iyayensu, a ba shi kafin alƙalami, a cika masa ranar biki.

Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage yawo da tsabar kuɗi a Ikko tun 2012, amma makaɗan Arewa ba su ji a jikinsu ba sai da aka canja launin naira. Ran 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake takardun N200 da N500 da N1,000. Sababbin suka fito ran 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ƙarshen Janairu 2023, aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma an kwashe. Mutane suka riƙa sammako layin banki, masu POS da suka sami kuɗi suna karɓar naira dubu ɗaya ko fiye a kan kowace dubu goma. Wanda bai sami na cefane ba ina zai ga na liƙi? Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, makaɗa da yawa sun riga sun buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, don ba su da wata mafita.

Ga kuma doka. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana watsa naira a wurin biki ko taka ta ko sayar da ita, hukuncinsa kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza N50,000 ba ko duka biyu. Shekara da shekaru ba wanda ya kula, sai a watan Afrilu 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta ɗaure wani sananne wata shida babu zaɓin tara, bayan hukumar EFCC ta gurfanar da shi. Labarin ya iso Gombe. Ba a daina liƙi ba, amma manyan mutane da yawa sun fi so yanzu su tura ta waya, musamman da yake kowane biki akwai mai ɗaukar bidiyo.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin rabo. Da, in an tashi daga wasa, yaran makaɗi su tattara abin da aka zubar cikin buhu ko zane, a zauna a ƙirga a gaban kowa. Maigida ya ɗauki nasa, mai kalangu da 'yan amshi da sanƙira kowa a ba shi gwargwadon matsayinsa, har yaron da ya ɗauko kaya yana da abin sayen koko. Ko an cuce ka, ka ga abin da aka tara da idonka. Yanzu kuɗin yana faɗawa asusun mutum ɗaya, wayar tana aljihunsa, abin da ya ce ya shigo shi ne ya shigo. Maigida mai tsoron Allah yakan buɗe waya ya nuna wa yaransa saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya. Wani kuwa sai ya ce sabis ya hana, a dakata sai gobe. Tsohon makaɗi wanda bai iya karatun boko ba, bai kuwa da lambar BVN, shi ya fi kowa shan wuya, domin da asusun ɗansa ko na wani yaron unguwa yake karɓa, ba shi da halin bincike.

Akwai kuma 'yan burga. Mutum ya shigo fili ya raɗa wa sanƙira ya tura dubu hamsin, ya nuna masa hoton rasit a waya, a yi ta wasa shi da kakanninsa har a tashi. Gari ya waye a duba asusu, babu komi. Waƙar da aka riga aka rera kuwa ba ta karɓuwa. Saboda haka waɗansu makaɗa sukan ajiye yaro guda, ba shi da aiki sai riƙe waya, ba a kiran sunan kowa sai ya ɗaga hannu alamar kuɗi ya shigo. Ranar da sabis ya yi nauyi, mai gaskiya ma sai ya tsaya jiran kirarinsa.

Ga mazauna Kudu, wannan canji ya zo da wani alheri da ya kamata a faɗa. Mai sayar da tumatir a Mile 12 ko mai canji a Agege, wanda ƙanwarsa ke aure a Nasarawo amma kuɗin mota da kwana biyu a hanya suka hana shi zuwa, yanzu sai ya nemi lambar asusun makaɗin ya tura, a kira shi a waya a ɗaga ta sama, yana rumfarsa yana jin ana kiran sunansa da na mahaifinsa a ƙofar gidansu. Waɗanda suka saba sukan tura biyu: babban a asusun maigida, ƙaramin kuma su nemi lambar ɗaya daga cikin yaran su ce a raba wa masu kiɗa da amshi.