Mata a Samoa

Mata a Samoa su ne matan da ke zaune a ƙasar Samoa, wadda tsibirai ne a kudancin Tekun Pasifik. Manyan tsibiran su ne Upolu da Savai'i, babban birnin kuma Apia ne. Matsayin mace a ƙasar ya dogara ne da al'adar gargajiya da ake kira fa'a Samoa, wadda ta ginu a kan dangi, ƙauye da sarauta.

Matsayi a al'ada

Akwai wani alƙawari tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwarsa da ake kira feagaiga. Wajibi ne namiji ya girmama 'yar'uwarsa, ya kare ta, ya kuma saurari ra'ayinta a harkokin dangi. Saboda haka mace tana da daraja babba a ƙauyen da aka haife ta. 'Ya'yan ƙauye mata suna da ƙungiyarsu, aualuma, wadda taupou ke jagoranta. Taupou yawanci 'yar babban basarake ce, kuma ita ke haɗa abin sha na 'ava a wajen tarbar baƙi.

Amma matar da aure ya kai ta ƙauyen mijinta, wadda ake kira nofotane, ba ta da irin wannan daraja. Ana sa ran ta yi wa dangin miji hidima, kuma ba ta cika samun bakin magana ba.

Sana'a da ado

Mata ne ke saƙa 'ie toga, wata tabarma mai laushi da ake yi da ganyen bishiyar pandanus. Saƙar guda ɗaya kan ɗauki watanni ko shekaru. Ba a zama a kanta; dukiya ce da ake bayarwa a wajen aure, jana'iza, naɗin sarauta da neman gafara. Suna kuma yin siapo, wato zane daga ɓawon itace. Zanen jiki na mata shi ne malu, wanda ake yi daga cinya zuwa ƙasan gwiwa.

Tarihi

Labaran baka suna ambaton Nafanua, jarumar yaƙi daga Falealupo a Savai'i, da Salamasina, wadda ta fara haɗa manyan sarautu huɗu a hannunta. A zamanin mulkin New Zealand, 'yan sanda sun harbi masu zanga-zangar ƙungiyar Mau a Apia ranar 28 ga Disamba, 1929, inda aka kashe Tupua Tamasese Lealofi na III. Da maza suka shiga daji, mata suka ci gaba da gwagwarmayar a 1930. Samoa ta sami 'yancin kai a 1962.

Siyasa

Mai riƙe da sarautar matai ne kawai ke iya tsayawa takarar majalisa. Mafi yawan matai maza ne, wasu ƙauyuka ma ba sa amincewa da mace a wannan matsayi, abin da ya sa mata suka yi ƙaranci a majalisar. A 1990 aka bai wa duk baligi damar jefa ƙuri'a, sannan ƙasar ta shiga yarjejeniyar CEDAW ta kare haƙƙin mata a 1992. A 2013 aka gyara tsarin mulki domin mata su sami aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujeru.

Fiame Naomi Mata'afa, 'yar firaministan ƙasar na farko, ta shiga majalisa a 1985, ta zama mace ta farko minista a 1991, da mataimakiyar firaminista a 2016. Bayan zaɓen Afrilu 2021 an yi taƙaddama kan yadda za a ƙirga kason mata. An kulle ginin majalisa, sai aka rantsar da ita a cikin tanti ranar 24 ga Mayu. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da gwamnatinta ranar 23 ga Yuli, ta zama mace ta farko firaminista a Samoa.

Ƙalubale

Cin zarafi a cikin gida na daga cikin manyan matsalolin matan ƙasar. An kafa dokar kare iyali a 2013, kuma rahoton binciken ƙasa da ya fito a 2018 ya nuna cewa matsalar ta yaɗu, musamman a kan nofotane.