TSEREN ƘANANAN MOTOCIN REDIYO: ASIRIN NASARA YANA ƘAFAFUN BAYA

A cikin shekarar 1987, a wani ƙaramin gari da ake kira Romsey a kudancin Ingila, wani saurayi ɗan ƙasar Japan mai shekara 17 da haihuwa, Masami Hirosaka, ya zama zakaran duniya a tseren mota ba tare da ya shiga mota ba. Yana tsaye ne bisa wani dandamali, riƙe da akwatin rediyo a hannunsa, motar kuwa, wadda tsawonta bai fi kamu guda ba, tana can ƙasa tana keta ƙura tana tsallake tuddai. Kafin ya daina shiga gasa sai da ya ci kambin duniya har sau 14. Amma masu bin wannan wasa ba su ambaton sunansa sai sun haɗa da na mahaifinsa, Masaaki Hirosaka, wanda shi ne makanikinsa, shi ke zaune bakin tebur da sukudireba yana kwancewa yana ɗaurewa.

Wanda bai sani ba zai ɗauka abin wasan yara ne. Alhali kuwa tun shekarar 1979 aka kafa ƙungiyar IFMAR mai shirya gasar duniya ta waɗannan motoci. A 1984 kamfanin Team Associated na Amurka ya fito da motar RC10, wadda girmanta kashi ɗaya ne cikin goma na motar gaske, kuma da ita Jay Halsey ya ci ɗaya daga cikin kambuna biyu na gasar duniya ta farko da aka yi wa irin waɗannan motoci masu batir a Del Mar ta Jihar Kalifoniya a 1985. Tun daga lokacin kamfanoni suke gogayya, domin motar da ta ci gasa ita ce ke cin kasuwa.

To, me ya sa aka fi damuwa da ƙafafun baya? Dalili shi ne, a rukunin motocin da tayoyi biyu ke ja, tayoyin baya su ne ke ɗauke da aikin tura mota baki ɗaya. Injin lantarki kuwa ba ya jira, ana taɓa totur zai saki ƙarfinsa nan take. In tayoyin baya ba su kama ƙasa ba, sai gindin motar ya wulwula ta juyo tana kallon inda ta fito. Tseren kuma na minti 5 ne kacal. Motar da ta kife sai ta jira mai tsaron fage ya rugo ya tayar da ita, kafin nan abokan hamayya sun yi nisa.

Gyara na farko shi ne tsuke bakin tayoyi. In aka dubi motar daga sama, za a ga gaban tayoyin baya ya ɗan karkato ciki, kamar mai tafiya da yatsun ƙafarsa suna kallon juna. A fagen ƙasa mai santsi akan sa kimanin digiri 3 a kowane gefe. Wannan shi ke riƙe motar ta miƙe sak idan ta fito daga kwana. Sai dai kowane amfani da kuɗinsa, gama tsukewar in ta yi yawa tayoyin kan riƙa gogar ƙasa, gudu ya ragu a miƙaƙƙiyar hanya, motar kuma ta yi taurin kai wajen shan kwana.

Na biyu shi ne jinginar taya. Akan karkatar da saman taya zuwa ciki da digiri 1 ko 2, domin idan motar ta kishingiɗa a kwana, tayar waje ta zauna daram da dukkan faɗinta. Da wani ɗan sandan ƙarfe ake yin wannan gyara, wanda ke da zare a kowane kai, ɗaya na dama ɗaya na hagu, ta yadda ana murɗa shi zai ƙara tsawo ko ya rage ba sai an cire shi ba. Wurin da aka ɗaura sandan ma yana da tasa magana. Washa guda mai kaurin milimita 1, in aka saka ta ƙarƙashin kan sandan na ciki, takan sa motar ta ƙara kishingiɗa a kwana, abin da ke taimaka wa taya ta kama ƙasa mai ƙura. In aka cire ta, motar takan tsaya ƙyam, ta yi saurin amsa sitiyari.

Na uku shi ne abin da za a iya kira hana durƙuso. Kowace mota in aka ba ta wuta, nauyinta kan koma baya, gindinta ya sauka. Don rage wannan, akan ɗaga gaban ƙusar da hannun tayar baya ke lilo a kanta da digiri 1 zuwa 3. A fage mai laushi motar takan zabura gaba da ƙarfi. Amma a fage mai gargada, yawan ɗagawar kan hana ƙafafun haɗiye ramuka lokacin da ake ba da wuta, sai motar ta dinga tsalle-tsalle, tayar da ke sama kuwa ba ta tura komai.

Bayan waɗannan akwai shokazoba da sifirin. Cikin shokazoba man silikon ne, akwai mai kauri akwai mai ruwa-ruwa, kuma zafin rana kan tsinka shi, saboda haka man da ya yi daidai da safe yana iya gazawa da azahar. Wajen auna tsayin mota daga ƙasa, akan ɗaga ta kaɗan a sake ta bisa shimfiɗaɗɗen allo, a bar ta ta zauna da kanta, sa'an nan a auna. Haka nan akan matso da tayoyin baya gaba da milimita 1 ko 2 don ƙarin nauyi ya hau kansu, ko a mayar da su baya don motar ta natsu a gargada.

Babbar wahalar ita ce, direban motar gaske yana jin zamewar taya a jikinsa, amma direban motar rediyo ba shi da komai sai ido da kunne, daga nesa. Shi zai sauko ya gaya wa makaniki cewa gindin motar yana zamewa, makanikin kuma ya tambaye shi: wajen shiga kwana ne, ko tsakiyarta, ko wajen fita? Kowace amsa da nata magani. Shi ya sa ƙwararru ba su canza abu biyu a lokaci guda, domin taura biyu ba ta taunuwa. Sukan canza ɗaya, su zaga fage, su dubi agogo, su rubuta a takardar awo. Wanda ya murɗa nan ya murɗa can, ko motar ta gyaru ba zai san abin da ya gyara ta ba.

Gasar duniya ta shekarar 2015 ta tabbatar da cewa babu awon da ke aiki a ko'ina. A karon farko an yi ta ne bisa ciyawar roba maimakon ƙasa, a fagen Yatabe na ƙasar Japan. A irin wannan shimfiɗa taya kan kama fiye da kima, har motar ta kife a kwana maimakon ta zame. Saboda haka akan bi akasin abin da aka saba, wato a rage tsayin mota, a rage tsukewar tayoyin baya, a hana ta kishingiɗa, inji kuma ya zauna gaban gatarin baya maimakon bayansa. Spencer Rivkin na Amurka, mai shekara 16, shi ya ci rukunin tayoyi biyu, Bruno Coelho na Fotugal kuma ya ci na tayoyi huɗu.

Kamfanoni sukan buga takardun awon manyan direbobinsu don masu koyo su kwafa, kuma wannan mafari ne mai kyau. Amma fagen wani ba naka ba ne, hannun wani ma haka. Mai koyon da ya yi haƙuri da washa ɗaya da digiri ɗaya, yana gwadawa yana rubutawa, shi ne wata rana zai san abin da motarsa ke bukata tun kafin ta gama zagaye na farko.