Ciwon Saifa: Yadda Yake Shiga Jikin Mutum, da Yadda Za Ku Tsare Kanku

Ya ku manoma da dagatai, ku karanta wannan takarda, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba. Wata rana za ku ga sa ko tunkiya ta kwana lafiya, da gari ya waye ta faɗi matacciya, baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da dubura. Idan kun ga haka ku yi tsammanin ciwon saifa ne, wanda likitoci ke kira antaraks. Ku sani yana kama mutum kamar yadda yake kama dabba.

Abin da ke kawo shi

Wata ƙwayar cuta ce mai siffar ɗan sanda, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya tabbatar da wannan a shekarar 1876. Muddin ƙwayar tana cikin jini hayayyafa take yi. Amma da zarar jinin ya zuba ta sha iska, sai ta ƙulle kanta cikin ɓawo mai tauri, ta kwanta a ƙasa shekaru masu yawa, rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta. Dabba ta zo kiwo ta haɗiye ta, ciwo ya tashi sabo.

Ƙofofi uku

Ta fari ita ce fata. Mahauci ko majemi mai ƙaramin rauni a hannu ya taɓa jini ko fatar dabbar, bayan 'yan kwanaki ƙurji ya fito, ya zama gyambo mai baƙin tsakiya kamar gawayi, kewayensa ya kumbura. Ba ya cika zafi, don haka ake raina shi. Ta biyu ita ce ciki, watau cin naman da bai dahu sosai ba. Ta uku ita ce huhu, idan an shaƙi ƙurar busassun fatu ko gashi. Wannan ta fi duka kisa.

Yadda take ruɗin dogaran jiki

Jikin mutum kamar birni ne. Fata ita ce ganuwa, fararen ƙwayoyin jini kuwa su ne dogarai, aikinsu su kama baƙo su haɗiye shi. To, wannan ƙwaya tana da dabara uku. Da fari, sa'ad da take cikin ɓawonta dogarin yakan haɗiye ta, amma ba kullum yake iya kashe ta ba. Sai ya ɗauke ta da kansa ya kai ta kaluluwa, can ta farka ta soma haihuwa. Na biyu, tana yafa wata riga mai santsi wadda dogarai ba sa iya riƙewa. Na uku, tana fitar da dafi kashi uku: ɗaya yana buɗe ƙofa a jikin ƙwayoyin mutum, ɗaya yana shiga ya tara ruwa har wuri ya kumbura, ɗaya kuma yana yanke maganar da dogarai ke yi da juna don kada su kira taimako. Kafin jiki ya farga, ta cika jini.

Daga nan aka sami rigakafi. Louis Pasteur ya gwada allurarsa kan tumaki a Faransa a 1881, waɗanda ba a yi wa ba suka mutu. Daga baya Max Sterne a Afirka ta Kudu ya sami irin ƙwayar da ba ta da rigar nan. Idan an sa wa dabba ita, dogarai su kama ta da sauƙi, su san kamanninta, ran da ta gaske ta zo su gane ta. Ana yin wannan allura a Vom. Kada ku ce ciwon ya wuce, gama an same shi a wata gona a Suleja a watan Yuli na 2023.

Abin da za ku yi

1. Ku kai dabbobinku a yi musu allura kowace shekara.
2. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya kada a yi gaggawar sa mata wuƙa don kada a yi asara. Wuƙa ba ta kashe ƙwayar, zubar da jinin ma shi ke shuka ta a ƙasa.
3. Kada a feɗe, kada a cire fata, kada a sayi naman komai arharsa.
4. A kori karnuka da ungulaye, a ƙone gawar ƙurmus, ko a binne ta a rami mai zurfin ƙafa 6, nesa da rijiya.
5. Mai baƙin gyambo ya tafi asibiti ran nan, ya faɗa wa likita dabbar da ya taɓa. Magani irin su fenisilin yana warkarwa idan an zo da wuri.

Kai kuwa dagaci, kai ne idon gari. Ka aika wa malamin dabbobi labari nan da nan, ka hana kiwo a wurin. Asarar sa ɗaya ta fi sauƙi bisa ga asarar mai gida. Rigakafi ya fi magani.