Ranar da Gilashin Ƙofar Haibirid Ya Tarwatse

Duk wanda ya taɓa fitowa daga kasuwa ko wurin ɗaurin aure ya tarar da gilashin ƙofar motarsa zube a kan kushin kamar an yi ruwan ƙanƙara, ya san irin faɗuwar gaban da ake yi. Wani lokaci ɓarawo ne ya hango jaka a kujera, wani lokaci dutse ne tayar tirela ta cillo, wani lokaci kuma yaron unguwa ne ya auna tsuntsu da danƙo ya kuskure. Idan tsohuwar Corolla ce ko Golf, kafin la'asar an gama zance. Idan kuwa haibirid ce, wato motar nan ruwa-biyu da ke haɗa injin fetur da babban batir, sai wata fargabar ta biyo baya. Mai mota ya ji an ce akwai wutar da ke kisa a jikinta, bakaniken unguwa ma ya ji haka, sai a tsaya cirko-cirko ana kallon ƙofa kamar an ga kububuwa.

Fargabar tana da tushe, sai dai an ajiye ta inda ba muhallinta ba.

A watan Disamba na 1997 kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan, ya fitar da ita kasuwannin waje a 2000, daga baya Camry da Highlander da Lexus RX suka samu nasu samfurin haibirid. Yawancin waɗanda ke yawo a titunan Kano da Kaduna da Abuja na hannu ne, sun gama aiki a Amurka suka shigo ta Legas ko Kwatano. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, mutanen da a da ko kallon Prius ba sa yi suka koma tambayar kuɗinta.

Wutar da ake tsoro gaskiya ce. A Prius ƙirar 2004 zuwa 2009, babban batirin yana da ɓangarori 28 da ke ba da volt 200 da ɗoriya, kuma motar na iya ɗaga wannan wuta zuwa volt 500 kafin ta kai ga injin lantarki. A ƙirar da ta biyo baya har 650. Wannan ya isa ya kashe mutum. Shi ya sa aka lulluɓe wayoyin da ke ɗauke da ita da roba mai launin ruwan goro, don kowa ya gane su daga nesa. Amma hanyarsu sananniya ce: daga batir a bayan mota, su bi ta ƙarƙashin daɓe, su fito wajen inji. Ko ɗaya ba ta leƙa cikin ƙofa. Injin ɗaga gilashi da makulli da lasifika duk ƙaramin batir mai volt 12 ne ke ba su wuta, daidai da kowace mota. Wanda ya iya kwance ƙofar Corolla zai iya kwance ta Prius.

Shi kansa gilashin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake yawan tafka asara. Gilashin ƙofar yawancin motoci gasasshe ne. Bayan an yanke shi, sai a zafafa shi sama da digiri 600, a lanƙwasa shi daidai da ƙofar, sannan a busa masa iska mai sanyi farat ɗaya. Fatarsa ta riga cikinsa daskarewa, sai ya zama a ɗaure tamau, ya ninka gilashin tagar gida ƙarfi sau huɗu ko biyar. Ƙwallo zai doke shi ya dawo, naushi ma sau da yawa ba ya yi masa komai. Amma da zarar abu mai tsini ya huda fatar nan, musamman ta gefe, ɗaurin ya kwance gaba ɗaya, ya ruguje ya zama dubban 'yan tsakuwoyi marasa kaifi sosai. Da gangan aka yi shi haka, don kada ya yanka mutum a hatsari. Abin da wannan ke nufi ga mai mota shi ne, ba a gyara shi, ba a liƙe shi, ba a kuma rage masa tsawo ko a huda shi bayan an gasa. Duk wanda ya ce zai samo na wata mota ya ɗan datse shi ya shiga, bai san abin da yake faɗa ba. Wanda kuma ya ce zai yanko na tagar gida mai kauri ya saka, takobi yake shirin girke wa mutum kusa da wuya.

Akwai nau'i na biyu, irin na gilashin gaba: falle biyu da aka manne da siririyar roba a tsakiya. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Edouard Benedictus, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1909. Idan ya fashe sai ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, amma ya tsaya a wurinsa. A 'yan shekarun nan ya fara sauka zuwa ƙofofi. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta bayyana a 2019 cewa kusan ɗaya cikin uku na samfurin motocin 2018 suna da irinsa a gefe. Haibirid na da dalilin son sa na musamman: idan inji ya yi shiru mota na tafiya da batir, ƙarar iska da ta taya ce ke cika kunne, robar tsakiyar nan kuwa tana rage ta. Saboda haka mota ɗaya na iya samun mai falle biyu a ƙofofin gaba, gasasshe a na baya. Gane su ba wuya. A sauke gilashin ɗaya ɓangaren da bai fashe ba a dubi bakinsa ta sama, mai falle biyu zai nuna layi a tsakiya. A kusurwar ƙasa kuma akwai tambari: a motocin Toyota da yawa za a ga Temperlite a kan gasasshe, Lamisafe a kan mai falle biyu.

To ina haibirid ta bambanta da sauran? A kujerar baya. Babban batirin yana zafi idan yana aiki, kuma a yawancin haibirid na Toyota iska ce ke sanyaya shi. Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iskar daga cikin mota ta wata kafa mai raga. A Prius ƙirar 2004 zuwa 2015 kafar tana gefen jinginar kujerar baya ta hannun dama, dab da ƙofa. A wasu samfuran tana ƙasan kujera, littafin motar yana nuna wurin. Idan gilashin wannan ƙofar ne ya fashe, tsakuwoyinsa a bakin kafar suke zuba. Idan kuma aka bar taga a buɗe, da damina feshin ruwa ya shiga, da hunturu ƙura ta shiga, kuma littafin Toyota ya yi gargaɗi ƙarara kada a bari ruwa ko wani abu ya faɗa cikin kafar, kada kuma a toshe ta. Fanka ta cushe, batir ya yi ta aiki cikin zafi, ƙarfinsa ya yi ta raguwa a hankali. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, batirin da ma a wahale yake. Kuɗin gilashi kaɗan ne in aka kwatanta da na babban batir, don haka wanda ya liƙa leda da salatef ya ce sai ƙarshen wata zai gyara, ya sani ba da gilashi kaɗai yake caca ba.

Leda ta kwana ɗaya ko biyu ba laifi, muddin an rufe ruf, an kuma share tsakuwoyin kafin a tayar da mota. Shara da tsintsiya ba ta fid da su daga saƙo da lungu. Injin zuƙar ƙura irin na masu wankin mota ya fi, kuma a fara da bakin kafar nan.

Bambanci na biyu shi ne shiru. Haibirid na iya kasancewa a kunne ba a jin ko motsi, alamarta kawai kalmar READY a gaban direba. A wannan hali inji na iya tashi da kansa ba sanarwa, in kuma wani ya sa ta a giya motar za ta iya gangarawa da batir. Yaron shago da ya saba da cewa motar da ba ta ƙugi a kashe take, shi ne abin ji. Aikin gilashi yana buƙatar wuta a ƙofa don a ɗaga ko a sauke injin gilashin, amma ba ya buƙatar READY. A Prius, danna maɓallin tashi sau biyu ba tare da taka burki ba ya wadatar. Sai dai kada a bar ta haka tsawon sa'o'i ana hira, domin ƙaramin batirin nata ƙarami ne da gaske, kuma a wannan matsayi ba ya samun caji.

Wajen saye, sunan mota kaɗai ba ya isa. Prius daban, Prius v daban, Prius c da Japanawa ke kira Aqua daban, kowacce da gilashinta. Na dama ba ya shiga hagu, na 2009 ba ya shiga 2010. Abin da ya fi shi ne a tafi da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, wadda a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka harafi na goma ke nuna shekarar ƙira, a haɗa da hoton tambarin gilashin da ya rage. A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, in an dace za a samu na Beljiyam da aka ciro daga motar da aka yanka. In ba a dace ba sai an aika Ladipo a Legas. Gilashin hannu ba abin ƙi ba ne, sau da yawa ya fi sabo marar asali zama daram. A ɗaga shi a rana a duba karce, a shafa bakinsa ko'ina. Ɗan ɓalli kamar ƙwayar gero a gefe ya isa ya sa ya tarwatse wata rana a kan gargada.

Aikin kansa, a hannun gwani, bai cika wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, kuma babu gam da za a jira ya bushe kamar na gilashin gaba. Ana kwance kusoshin da ke ɓoye a bayan hannun buɗe ƙofa da cikin madafar hannu, a ɓamɓare murfin ciki daga maƙalansa na roba, a zare soket ɗin maɓallai. A bayansa akwai farar leda da aka manne da baƙin danƙo. Masu gaggawa kan yage ta su jefar, alhali ita ce ke hana ruwan da ya bi ta jikin gilashi jiƙa murfi da wayoyi. A ɓare ta a hankali, a mayar da ita yadda take.

Daga nan sai abin da ke bambanta aikin kirki da na shashanci: kwashe tsakuwoyin da suka faɗa cikin ƙofar. Kaso mai yawa na gilashin a can yake tarewa. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan ramuka na fitar ruwa, in suka toshe ruwa ya kwanta, tsatsa ta fara ci daga ciki. Wasu tsakuwoyin kuma suna maƙalewa a robar da gilashi ke bi yana hawa da sauka, su karce sabon tun ranar farko. Bayan an tsabtace, a ƙofar gaba ta yawancin Toyota sai a daidaita injin gilashi har mazaunin noti biyu ya zo saitin ramukan da aka tanada, a zura sabon gilashi ta sama a karkace, goshi ƙasa, a miƙe shi ya hau robarsa, a ɗaure da sufana lamba goma. Ɗauri na hankali, ba na huce haushi ba. Ƙofar baya ta fi cin lokaci, saboda galibi sai an cire sandar da ta raba babban gilashi da ƙaramin na kusurwa kafin a samu hanya.

Launi ɗaya da ya kamata a girmama a cikin ƙofa shi ne ruwan ɗorawa. Soket mai wannan launi na jakar iska ne, kuma wasu sababbin motoci suna da na'urar jin karo a cikin ƙofar kanta. Idan aiki zai kai kusa da shi, ƙa'idar Toyota ita ce a kashe mota, a cire kan ƙaramin batir na negatif, a jira aƙalla daƙiƙa 90. A nan ma Prius na da tarkonta. A ƙirar 2004 zuwa 2015 ƙaramin batirin a but yake, ba a ƙarƙashin bonet ba, kuma murfin but da lantarki yake buɗewa. Wanda ya cire kan batir ya maida murfin ya rufe, sai ya bi ta kujerar baya da rarrafe ya laluɓo ɗan marikin gaggawa daga ciki.

Bayan an mayar da batir, mai mota kan dawo da ƙorafin cewa gilashi ya daina hawa da kansa da dannawa ɗaya, ko kuma yana kaiwa sama sai ya dawo ƙasa. Ba lalacewa ya yi ba. Motar tana da tsarin da ke juyar da gilashi idan ya ji ya matse wani abu, don kare hannun yara, kuma in wuta ta yanke takan manta iyakar sama da ƙasa. A samfura da yawa ana tuna mata ne ta hanyar sauke gilashin, sannan a ja maɓalli sama a riƙe har ya rufe, a ci gaba da riƙewa na 'yan daƙiƙoƙi. Idan an yi haka bai daina dawowa ba, a koma a duba robar, akwai tsakuwar da ta rage.

Saura batun launi. Gilashin baya na wasu motocin a masana'anta aka rina shi, duhun a cikin jikinsa yake, na wasu kuma leda ce aka liƙa daga baya. Sabon da aka sayo zai iya fitowa fari tas kusa da 'yan'uwansa masu duhu. Mai son a liƙa masa leda ya tuna cewa Najeriya na da dokar gilashi mai duhu tun 1991, kuma 'yan sanda kan tambayi takardar izini a hanya. In an liƙa, masu aikin kan ce a bar gilashin a rufe kwana biyu ko uku kafin a fara saukewa, don kada bakin ledar ya naɗe.

Kafin a biya kuɗin aiki, a ɗaga gilashin a sauke sau da yawa ana saurare, a watsa ruwa daga waje a ga ko zai zubo, sannan a buɗe ƙofar a ɗan girgiza ta. In aka ji kacau-kacau daga gindinta kamar caki, murfin nan sai ya sake fita.