Kallon Bidiyo Kaɗai Ba Ya Koya wa Mutum Rubuta Manhaja

A yau matashin da ke da kwamfuta da 'yar data zai iya zama a ɗakinsa a Gusau ya bi darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, ba tare da ya biya ko sisi ba. Shafin freeCodeCamp da Quincy Larson ya kafa a 2014 yana koyar da HTML da JavaScript da Python kyauta. A nan gida ma, a 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a ƙarƙashin Bosun Tijani ta ɓullo da shirin 3MTT, da burin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani. Darasi kam ya wadata.

Sai dai akasarin masu yin rajista a irin waɗannan kwasa-kwasai ba sa kaiwa ƙarshe. Waɗanda suka daure kuma, da yawansu kwafar abin da malami ya buga suke yi, abu ya yi aiki, su ji daɗi. Ranar da aka ce su gina wani abu tun daga tushe, sai kai ya kulle.

Yaron tela ba ya ƙwarewa da zura wa maigidansa ido. Sai ya yanka yadi ya ɓata, maigida ya warware ɗinkin ya nuna masa inda ya karkace. Mai koyon rubuta manhaja ma abin da ya fi buƙata ke nan: gwanin da zai karanta aikinsa layi bayan layi, ya ce masa nan ka maimaita abu sau uku a banza, nan ka bar ƙofar da ɓarawon intanet zai shigo, wannan kuwa zai tsaya cak idan mutum dubu suka hau a lokaci guda. Bidiyo ba ya yin wannan.

Ana samun irin wannan jagora ta intanet. A shafin Exercism, 'yan sa-kai ne ke duba aikin ɗalibi su yi masa gyara kyauta. A GitHub akwai dubban ayyukan da ƙofarsu ke buɗe ga kowa. Ka miƙa gyaranka, masu kula da aikin su tantance, wani lokaci su dawo maka da shi har sai ya daidaita. Akwai zafi, amma nan karatun yake. Shirin Google Summer of Code kuwa tun 2005 yake haɗa sababbin hannu da ƙwararru, har da alawus.

Game da masu tallar horo a WhatsApp da Facebook, masu alkawarin albashin dala cikin wata uku, a yi hattara. Na ƙwarai suna nan, amma kafin ka biya, tambayi malamin: ɗalibai nawa yake riƙe da su? Shi da kansa zai duba aikinka? Ina manhajar da ya taɓa ginawa? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Shi kuma ChatGPT da ya fito a 2022, yana iya yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu, amma yakan yi kuskure ya kuma faɗe shi gaba gaɗi. Kada ka bar shi ya riƙa yi maka aikin.

Don haka ɗan'uwa, zaɓi yaren rubuta manhaja ɗaya, ka gina ƙaramin abu mai amfani, ko da manhajar lissafin bashi ce ta shagon unguwarku, sannan ka kai wa wanda ya fi ka sani ya duba.